Daga butar shayi zuwa Nvidia: mutanen da suka koya wa kwamfuta zane

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook hotunan ƙirƙirarriyar basira ne. Wannan ya mayar da kansa sarki a kan doki, wancan ya ɗora hotonsa a cikin jirgin sama, wata kuma ta haɗa hoton ɗakin da take fatan samu. Ga kuma labarin kamfanin Nvidia, wanda darajarsa ta haura dala tiriliyan 3 a shekarar 2024, alhali asalin sana'arsa ƙera 'yar na'urar da ke zana hoto a allon kwamfuta ne don masu wasan gem.

A ƙarƙashin wani rubutu na ga ana gardama a kan wa ya ƙirƙiro wannan fasaha. Wani ya ce Steve Jobs, wani ya ce Bill Gates. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Amsar a taƙaice ita ce ba mutum ɗaya ba ne. Wasu 'yan tsirarun malamai da ɗalibai ne, yawancinsu sun san juna, kuma suna da wata ɗabi'a guda: duk abin da mutum ya gano sai ya rubuta ya nuna wa sauran.

Mu fara daga farko. A shekarun 1950 kwamfuta ba ta da allo irin wanda muka sani. Na'ura ce da ke cika ɗaki, ana ba ta aiki da kati mai huji-huji, ta fitar da amsa a takarda bayan sa'o'i. Inda aka fara haɗa ta da allo sosai shi ne wajen sojoji. A cibiyar MIT da ke Amurka an gina wata kwamfuta mai suna Whirlwind, daga ita kuma aka samar da tsarin SAGE na gadin sararin samaniyar Amurka, inda soja ke zaune gaban allo yana ganin jirage a matsayin ɗigo-ɗigo, yana nuna wanda yake so da wata 'yar bindigar haske. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran fannin da ita, wato zanen kwamfuta, a kamfanin jiragen sama na Boeing ta fito wajen 1960, ta bakin wani mai zane, William Fetter.

Sai shekarar 1963. Wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland, ɗan shekara 24, ya gabatar da aikinsa na digirin digirgir a MIT. Ya rubuta wata manhaja da ya kira Sketchpad, a kan kwamfutar TX-2. Za ka ɗauki alƙalamin haske ka ja layi a jikin allo, kwamfuta ta miƙar maka da shi. Ka ce mata waɗannan layuka biyu su zama tsawo ɗaya, ta gyara. Ka zana ƙusa ɗaya ka kwafe ta sau ɗari, in ka canza ta asalin duk sauran su canza. Duk wanda ya taɓa amfani da AutoCAD ko CorelDraw ya san wannan, to a nan aka fara. Malamin da ya duba aikin kuwa Claude Shannon ne, uban ilimin sadarwa na zamani.

Ga inda kuɗi ya shigo. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta kafa hukumar bincike ta ARPA a 1958 a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. A 1964 aka ɗauko wannan yaro Sutherland, yana ɗan shekara 26, aka ba shi shugabancin ofishin da ke raba kuɗin binciken kwamfuta, ya gaji J.C.R. Licklider. Salon wannan ofis a lokacin shi ne a nemo mutum mai kai, a ba shi kuɗi, a ƙyale shi ya yi aiki. Ba a tsare shi da cewa sai ya kawo riba a ƙarshen shekara.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci moriyar wannan salo shi ne David Evans. A 1965 ya bar Berkeley ya koma garinsu Salt Lake City don ya kafa sashen kwamfuta a Jami'ar Utah. Ku lura, Utah ba ta cikin manyan jami'o'in da ake ji da su kamar Harvard ko Stanford. Evans ya san ba zai iya gogayya da su a kowane fanni ba, sai ya zaɓi abu ɗaya tak: zanen kwamfuta. A 1968 ya janyo Sutherland daga Harvard, inda ya riga ya ƙera wani tabarau da ake ɗorawa a kai a ga zane mai zurfi, shi da ɗalibinsa Bob Sproull. Saboda nauyinsa sai da aka rataye shi daga rufin ɗaki. Shi ne kakan tabaran da Meta da Apple ke sayarwa yau. Su biyun suka kuma kafa kamfanin Evans & Sutherland, wanda ya yi suna wajen ƙera na'urorin koyon tuƙin jirgin sama. A ƙarshen 1969 kuma Utah ta zama wuri na huɗu da aka jona da ARPANET, wadda ta haifi intanet.

To, yanzu ku dubi ɗaliban da suka ratsa wannan ƙaramin sashe cikin kimanin shekara goma.

John Warnock ya gama a 1969. Shi ne ya kafa Adobe a 1982 tare da Charles Geschke. PDF ɗin da kake tura takardunka da shi, daga kamfaninsa ya fito. Alan Kay shi ma 1969, ya tafi cibiyar Xerox PARC, inda aka gina tsarin tagogi da ake dannawa a allo. Jim Clark ya gama a 1974, ya kafa Silicon Graphics, kamfanin da aka yi dabbobin fim ɗin Jurassic Park na 1993 a kan injinansa, daga baya kuma ya kafa Netscape a 1994. Ed Catmull ya gama a 1974, shi ne ya shugabanci Pixar. Har Nolan Bushnell, wanda ya kafa Atari a 1972, a wannan jami'a ya yi digirinsa na farko.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin matsalolin da suka zauna suna warwarewa, domin yau ba ma ganinsu a matsayin matsala kwata-kwata.

Kwamfuta ba ta san siffa ba, lamba kawai ta sani. In kana so ta zana ƙwarya, sai ka gina ƙwaryar da ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu, ka ba ta lambobin inda kowace kusurwa take. Matsala ta farko: ta yaya za ta san wace fuska ce a gaba, wace ce ta ɓuya a baya? Kai da ido kana gani, ita kuwa sai an yi mata lissafi. Aikin Warnock a kan wannan yake. Catmull kuma ya kawo dabarar cewa kowane ɗigo a allo ya riƙe lissafin nisan abin da aka zana a kansa, in wani abu ya zo wanda ya fi kusa sai ya maye gurbinsa. Wani Bajamushe, Wolfgang Strasser, shi ma ya gano hakan a 1974 ba tare da sun haɗu ba. Wannan dabara tana cikin wayar da ke hannunka yanzu haka.

Matsala ta biyu ita ce haske. In aka ba kowace fuska launi ɗaya, ƙwaryar za ta fito kamar an sassaƙe ta da wuƙa. Wani Bafaranshe, Henri Gouraud, ya ce a lissafa hasken a kusurwoyi kawai, sannan a cakuɗa shi a hankali a tsakaninsu. Wannan a 1971 ne. Da zai gwada, fuskar matarsa Sylvie ya zana wa layuka ya auna. Sai Bui Tuong Phong, haifaffen birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, wanda ya yi karatu a Faransa kafin ya zo Utah, ya ƙara gaba: ya samo lissafin ƙyallin nan da ake gani a jikin tangaran ko sabuwar mota in haske ya bugi wuri guda. Ya gama digirinsa a 1973, aka buga aikin a 1975, a shekarar kuma cutar sankara ta yi ajalinsa yana ɗan shekara 32. Har gobe duk ɗalibin wannan fanni sai ya koyi sunan Phong.

Ku ga yadda abin ke tafiya. Gouraud ya rubuta nasa ya buga, Phong ya karanta ya ɗora, sannan Jim Blinn ya zo ya sauƙaƙa lissafin Phong, ya kuma ƙirƙiro dabarar sa abu ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo ba tare da an ƙara fuskoki ba, a 1978. Shi Blinn ɗin ne daga baya ya yi wa hukumar NASA zanen tafiyar kumbon Voyager kusa da Jupiter da Saturn, wanda aka nuna a talabijin a duniya.

Kuma kada ku ɗauka aiki ne na zama a kujera. A 1972 Sutherland ya sa ɗalibansa suka fita waje da ma'auni, suka zana layuka a jikin motar matarsa, Volkswagen ɗin nan mai doro, suka auna ta gaɓa-gaɓa suka shigar da lambobin da hannu. A shekarar ce Catmull ya zuba filasta ya yi kwafin hannunsa na hagu, ya manta bai shafa basilin ba, da zai cire sai da gashin bayan hannun ya tuge. Ya zana fuskoki 350 a jikin kwafin, ya auna kowace kusurwa, ya fitar da ɗan gajeren fim na hannu yana buɗewa yana rufewa, tare da abokinsa Fred Parke da ya yi na fuskar mutum. An saka wannan hannu a fim ɗin Futureworld na 1976.

Sai butar shayi. A 1975 wani ɗalibi ɗan Ingila, Martin Newell, yana neman abin da zai gwada lissafinsa a kai. Suna shan shayi a gida, matarsa Sandra ta ce ga kayan shayin nan, ka zana su mana. Butar ta dace ƙwarai: tana da ciki mai zagaye, da mariƙi mai rami, da baki, kuma tana jefa wa kanta inuwa. Ya zana ta a takarda, ya fitar da lambobinta. Abin da ya yi bayan nan shi ne darasin: ya bar lambobin ga duk mai so. Sai ya zama duk wanda ya gano sabuwar dabara a ko'ina a duniya, a kan wannan buta zai gwada, kowa kuma ya iya kwatanta nasa da na wani. Butar ta fito a fim ɗin Toy Story, ita kuma ta ainihin tana ajiye a gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a Kalifoniya.

Don a gane muhimmancin wannan ɗabi'a, bari mu tsallaka Faransa mu ga akasinta. A 1959 wani masanin lissafi, Paul de Casteljau, yana aiki a kamfanin motoci na Citroën, ya gano yadda za a bayyana lanƙwasar jikin mota da 'yan lambobi kaɗan. Kamfanin ya ce wannan sirri ne, aka kulle takardun. A kamfanin Renault kuma wani injiniya, Pierre Bézier, ya kai ga irin wannan sakamako, shi kuwa aka bar shi ya buga ya kuma yi bayani a taruka. Yau duk harafin da kake karantawa a wannan allo da irin wannan lanƙwasa aka zana shi, kuma sunan Bézier take ɗauke da shi. Sai a shekarun 1970 aka tono takardun de Casteljau aka gane ya riga shi. Rowar ilimi ba ta hana duniya samun abin ba, sunan mai shi kawai ta binne na tsawon shekaru.

Wurin da wannan jama'a ke haɗuwa shi ne SIGGRAPH. Ta fara ne a 1967 a matsayin ɗan kwamiti a cikin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, bisa ƙoƙarin Andries van Dam na Jami'ar Brown da Sam Matsa na IBM, ta zama cikakken reshe a 1969. Taronta na farko an yi shi a 1974 a garin Boulder na jihar Colorado, mutum kimanin 600. A 1997 a Los Angeles mahalarta sun haura 48,000. Abin da ya bambanta wannan taro da sauran tarukan masana shi ne ba a tsaya ga karanta takarda ba. Akwai daren nuna fim, inda kowa ke kawo abin da ya yi a gani a babban allo. Gani ya kori ji. Kuma a ɗaki ɗaya za ka tarar da farfesan lissafi, da injiniyan jirgi, da mai zane, da ɗan fim.

A taron 1980 wani ma'aikacin Boeing, Loren Carpenter, ya nuna fim na minti biyu mai suna Vol Libre, kamar kana shawagi a kan duwatsu, alhali duwatsun duk lissafi ne ya haife su. Yana sauka mutanen Lucasfilm suka yi masa tayin aiki. A 1986 a Dallas aka nuna Luxo Jr., labarin fitilun tebur biyu, babba da ƙarama, da ƙwallo. John Lasseter da ya yi fim ɗin ya ba da labarin cewa bayan an gama Jim Blinn ya nufo shi, shi kuma yana jiran tambaya mai wuya a kan lissafin inuwa. Sai Blinn ya tambaye shi wai babbar fitilar uwa ce ko uba. A nan suka gane an wuce matakin mamakin na'ura, mutane sun fara kallon labarin.

Amma kafin a kai nan an sha wuya. Catmull tun yana yaro burinsa ya yi wa Disney zanen katun, ya ga hannunsa bai kai ba, ya koma kimiyya. A 1973 Sutherland ya tura shi Disney ya tallata musu zanen kwamfuta, ba su nuna sha'awa ba. A daidai wannan lokaci kuma majalisar dokokin Amurka ta ɗaure ARPA da dokar da ake kira ta Mansfield, cewa kuɗinta ya tafi ga binciken da ke da alaƙa kai tsaye da aikin soja. Rijiyar ta fara ƙafewa, Sutherland ya bar Utah a 1974, ɗalibai suka watsu.

Wani attajiri, Alexander Schure, mai wata kwaleji a New York da ake kira NYIT, shi ya ɗauki Catmull a 1974 ya saya musu injina masu tsada. Alvy Ray Smith ya zo ya same shi a 1975. Daga baya a NYIT an yi shekaru ana ƙoƙarin yin cikakken fim mai suna The Works, bai taɓa kammaluwa ba. Sai dai Catmull ya yanke shawarar cewa duk abin da suka gano za su buga shi a fili, ko da abokan gogayya za su karanta. Hujjarsa ita ce tafiyar tana da nisa, ba wanda zai kai shi kaɗai, kuma masu ƙwazo sun fi son zuwa inda ake barinsu su nuna aikinsu. Daga nan suka koma wajen George Lucas daga 1979, sannan a 1986 Steve Jobs ya sayi sashen, ya biya Lucas dala miliyan 5 ya kuma zuba wasu miliyan 5 a sabon kamfanin, aka sa masa suna Pixar. Jobs ya yi ta zuba kuɗi shekara da shekaru ana asara, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Amma ilimin ya riga shi zuwa. Toy Story ya fito a 1995, shekara 23 bayan hannun filasta. A 2006 Disney ɗin da ta ƙi sauraron Catmull ta sayi Pixar a kan dala biliyan 7.4.

Ina Nvidia ta shigo? An kafa ta a 1993. Aikinta shi ne ta ɗauki irin lissafin su Gouraud da Phong da Catmull ta dasa shi a cikin ɗan guntun na'ura mai arha. Zana hoto yana buƙatar a yi ƙaramin lissafi iri ɗaya sau miliyoyi a lokaci guda, ɗigo bayan ɗigo, don haka aka ƙera na'urar, wadda ake kira GPU, ta ƙware a wannan. Daga baya aka lura cewa koyar da ƙirƙirarriyar basira ma irin wannan lissafin take so. A 2012 ɗalibai biyu a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, da malaminsu Geoffrey Hinton, suka yi amfani da katin Nvidia guda biyu na masu wasan gem suka lashe wata gasar gane hotuna da tazara mai yawa. Daga nan guguwar da muke ciki ta taso. Kun ga, malami da ɗalibansa ne kuma, kuma su ma bugawa suka yi kowa ya karanta.

Ba na cewa labarin nan tsarkakakke ne. Kuɗin farko na yaƙi ne, kuma na'urorin Evans & Sutherland sun horar da matuƙan jiragen soja. Kusan duk sunayen da na lissafa maza ne, duk da akwai irin su Lillian Schwartz da ta yi finafinan kwamfuta a Bell Labs tun ƙarshen shekarun 1960. An kuma yi saɓani, Alvy Ray Smith ya bar Pixar bayan sun ɓata da Jobs, ya kuma daɗe yana ƙorafin an rage rawar da ya taka a tarihin kamfanin. Kuma manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na yau, waɗanda suka gina dukiyarsu a kan ilimin da aka bayar kyauta, da yawansu sun koma ɓoye yadda suke gina nasu. Wato sun ɗauki hanyar Citroën. Wannan shi ne abin da ke damuna a duk lokacin da na ga muna murna da hotunan nan.

Mu kuma a nan, na san da yawa cikin masu karanta wannan suna zane a kwamfuta, ko haɗa bidiyo, ko rubuta manhaja. Sau nawa ka tambayi wani yadda ya yi abu ya ce maka sirrin sana'a ne? Kundin bincike nawa ɗalibai ke rubutawa duk shekara ya ƙare a kan kanta ƙura ta rufe shi, ba wanda ya ɗora a kai? Gaskiya ne ba mu da kuɗin ARPA, kuma kuɗi ya yi aiki a wannan labari, ba na musu. Amma Evans ya zaɓi fanni ɗaya ya tsaya a kai, Newell ya ba da lambobin butarsa, mutum 600 suka yarda su riƙa haɗuwa duk shekara suna nuna wa juna aiki. Waɗannan ukun ba sai da dala ba.

In kana da abin da ka iya, rubuta shi ka ɗora, ko da Hausa ne, ma fi kyau da Hausar. In kuma akwai inda na yi kuskure a tarihin nan, a gyara mini, ni ma ɗalibi ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.